Maƙwabciyar Uwar Goma

Idan ka shiga layin ka tambayi gidan mai wanki, za a ce maka wacce daga ciki, don su uku ne. Amma ka ce Uwar Goma, ko baƙon jiya ne sai ya nuna maka ƙofar.

Goma ta haifa, kuma duka da kanta. Ba ta jira a tambaye ta. Ka ce mata ina gajiya, sai ta ce wace gajiya ce za ta kama macen da ta yi naƙuda sau goma. Ka kawo mata riga mai tabon mai, tana cuɗawa tana ba ka labarin na bakwai, wanda ya kwana biyu a hanya. Matan layin sun haddace jerin tun daga na fari har ƙarshe. Wuƙa dai ba ta taɓa ganin cikinta ba, kuma wannan maganar ita ce gwal ɗinta, tunda ba ta da na sawa a wuya.

Auta ce ta ɓata mata tarihi. 'Yarta ta goma, wadda ta fi so, ita ce ta je haihuwar fari yaro ya kwanta a gicciye, likitoci suka yi mata aiki suka ciro shi. Uwar Goma ta yi kuka a bakin ɗakin tiyata, ta gode wa Allah da ta ga 'yarta da rai, sannan da hankali ya kwanta ta laƙaba mata suna Mai Zif.

"Ku ai kun huta," takan ce. "A buɗe, a ɗauko, a ja zif. Ko jakar makaranta sai haka."

Auta ba mai yawan magana ba ce. Takan yi murmushi ta sunkuyar da kai.

To, shekara biyu ke nan Uwar Goma tana ɗauke da wani abu da ba ya cikin labarin. Da nauyi ya fara a ƙasan mara, irin wanda ke zuwa da la'asar bayan ta gama kwashe shanya. Ta ce gajiya ce, ita da ta ce gajiya ba ta san gidanta ba. Daga nan ya zama kamar tana zaune a kan ƙwai. Ranar da ta ɗaga bahon zannuwan gado na masaukin baƙin da take wa wanki, jiƙaƙƙu sharkaf, sai ta ji wani abu ya sauko har bakin gabanta. Ta shiga banɗaki ta kai hannu, ta taɓa shi, ta janye hannun kamar ta dafa dutsen guga. In ta kwanta ya koma. In ta wuni a tsaye ya leƙo. Fitsari kuwa ya koyi sabon hali: in tana so ya fito sai ya ƙi, har sai ta tura abin ciki da yatsa, in ba ta so kuwa, tari ɗaya ya ishe shi.

Ba ta gaya wa kowa ba. Wa za ta gaya wa? Matan da ta shekara talatin tana yi wa lacca? Ta yayyaga wani tsohon zanen gado ta yi ƙunzugu, tana wankewa tana shanyawa a bayan tankin ruwa, inda ba mai leƙawa. Ta daina zama a 'yar kujerar tsugunne, ta ɗora baho a kan tebur. Duk wanda ya tambaya sai ta ce gwiwa ce. Gwiwar nan ta sha ƙazafi, ita da ko ƙara ba ta taɓa yi ba.

Ranar Talata da hantsi Auta ta shigo tsakar gida, cikinta na biyu, wata takwas, ya riga ta shigowa.

"Inna, sannu da aiki."

"Yauwa, Mai Zif. Dubi ƙafarki yadda ta kumbura. Zauna kada ki fashe mini a nan."

Auta ta zauna a bakin baranda tana kallonta. Uwar Goma ta kama kunnuwan baho ta ɗaga. Tana kai shi ƙugu ta tsaya cak, ta haɗe ƙafafu, ta mayar da shi kan tebur a hankali.

"Gwiwar ce?" in ji Auta.

"Ita ce."

"Wacce?"

"Ta hagu."

"Wancan makon ta dama ce."

"Su biyu Allah ya ba ni. Ke ce za ki tsara musu ranar ciwo?"

Auta ta yi wasa da bakin mayafinta. Can ta ce gobe ne awonta, baban yaro kuma ya yi tafiya, tana so Inna ta raka ta.

"Ni da asibiti? Me na ci musu?"

"Ba na son zuwa ni kaɗai, Inna. Gobe ne za a faɗi yadda za a yi da haihuwar."

Uwar Goma ta buɗe baki za ta ce a'a, sai ta rufe. Ta ce to, ai gara ma ta je ta gaya wa likitocin nan su bar 'yarta ta haihu kamar mutane.

Wannan shi ne dalilin da ta faɗa. Ɗayan kuwa a teburin guga ta ƙera shi da yamma. Tana goge rigunan matashin kai tana haɗa wata mata a ranta, maƙwabciya, baiwar Allah mai kunya, wadda wani abu ke damunta a ƙasa amma ba za ta iya zuwa asibiti ba. Ta ba ta gida a ƙarshen layi. Ta ba ta miji mai faɗa. Kafin ta ninke rigar matashi ta ƙarshe har ta fara jin tausayin matar. Za ta tambayo mata sunan magani kawai, ta biya kemis, magana ta mutu.

Washegari suka tarar da benci uku cike da masu ciki, kowa da katinta a hannu, fanka ɗaya tana juya zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Wata ta matsa ta ba ta wuri. Uwar Goma ta ce ta gode, ita tsayuwa ta saba. Ta jingina da bango ta sa hannu a baya kamar mai duba aiki. Sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya nas ta kira Auta.

Likitar 'yar firit ce mai tabarau. Uwar Goma ta ƙiyasta ta da ido ta ga ko 'yarta ta shida ba ta kai ba a shekaru. Ta gwada jinin Auta, ta auna cikin da tef, ta ɗora wani ɗan inji suka ji zuciyar jariri tana bugawa da sauri.

"Likita," in ji Uwar Goma tun ba a ba ta dama ba, "wannan karon ku ajiye wuƙarku. Jinina ce. A gidanmu ba a yanka mu."

"Ki zauna mana, Mama."

Ta ɗosana a gefen kujera da rabin jiki.

"Wancan karon yaron ne ya kwanta a gicciye," in ji likita. "Ko wace ce aiki za a yi mata. Wannan kuwa kansa na ƙasa. In komai ya tafi daidai za ta iya gwadawa da kanta, amma a nan, a gabanmu. In ya ƙi, mu yi aiki. Ita da jaririn muke so, ba hanyar fitowa ba."

Uwar Goma ta so a yi gardama, sai ga shi an ba ta rabin abin da ta zo nema ba faɗa. Ta gyara ɗaurin ɗankwali. Likita ta fara rufe fayil. In ba yanzu ba, sai wata shekarar.

"Af, har na manta. Wata maƙwabciyata ce ta ba ni saƙo."

"Ina jin ki."

"Auta, je ki jira ni a waje."

"Ƙafata ta sage, Inna," in ji Auta, ta ƙara gyara zama.

Uwar Goma ta harare ta, hararar ba ta yi aiki ba. Dole ta juya wa 'yarta baya, ta rage murya, ta fara. Ta ce a ƙarshen layi matar take. Ta faɗi nauyin. Ta faɗi ƙwan. Ta faɗi yadda yake komawa da kwanciya, da yadda fitsari ke yi wa matar wulaƙanci. Ita kanta ta yi mamakin yadda maganar ke fita sumul muddin a bakin wata take.

"Ta ba ki labari dalla-dalla," in ji likita.

"Muna shiri sosai."

"Shekarunta nawa?"

"Sa'ata ce."

"Sana'arta fa?"

"Wanki... takan taɓa wanki."

"Tana da tsohon tari? Bayan gida yana yi mata wuya?"

"Tari dai sama-sama, in garin sabulu ya shaƙe ta."

"Haihuwarta nawa?"

Nan Uwar Goma ta ga ramin da ba ta hango ba a teburin guga. Mace ɗaya ce a layin nan ta haifi goma, kuma Auta na zaune a bayanta.

"Uku," ta ce. Ji ta yi kamar ta kai bakwai tasha ta baro su.

"Da kanta ko aiki aka yi mata?"

"Ai na san ta, Likita," in ji Auta.

Uwar Goma ta waiwaya. Auta na kallon likita, fuskarta ba alamar komai.

"Ta ƙarshen layi ko, Inna? Duka ukun aiki aka yi mata. Ko naƙudar awa ɗaya ba ta taɓa yi ba. Matsoraciya ce. Tana jin ciwo ya taɓa ta za ta fara kiran a kawo wuƙa."

Likita ta ɗaga ido ta saman tabarau ta dubi Auta, ta dubi uwar, ta mayar da ido kan tebur.

"To, abin da ɗan mamaki," ta ce. "Abin da kika kwatanta ya yi kama da saukowar mahaifa, wani lokaci har da mafitsara. Akwai nama da jijiyoyi a ƙasa da ke riƙe da su. Haihuwa ta gaba ita ta fi sassauta su, saboda kan yaro ta nan yake bi ya buɗa wurin. Wadda duk haihuwarta aiki ne ba ta cika samu ba. Tana iya samu, don cikin kansa nauyi ne, ga shekaru, ga ɗaukar kaya. Amma ba kamar waccan ba."

"Wane ɗaukar kaya?" in ji Auta. "Ko bokiti ba ta ɗagawa. Ragguwa ce ta ƙin ƙarawa. Wankin ma suna ne, wasu ke yi mata. Ita ba ta san mene ne haihuwa ba, Likita. Kwanciya ta yi aka yi mata barci, ta farka aka miƙo mata."

Ba ƙaryar ce kaɗai ta dami Uwar Goma ba. Kalmomin nan ta san su, kamar yadda take gane zanen gadon da ta taɓa wankewa ko a cikin ɗari ne. Nata ne. Shekara uku tana jifan yarinyar nan da su, ashe tsince su take yi tana adanawa.

"Ba haka sosai ba ne," in ji Uwar Goma. "Matar tana da ƙoƙari."

"Wane ƙoƙari, Inna? Ke da bakinki kika ce irinsu ba mata ba ne."

"Bari dai in rubuta mata 'yar takarda ta zo da ita," in ji likita. "In haka ne tarihinta, sai mun bincika ko wani abu ne daban." Ta jawo takarda ta cire murfin biro, tana rubutawa tana faɗa a fili. "Haihuwa uku. Duka aiki. Ba ta aikin ƙarfi."

Uwar Goma ba ta yi nisa a karatu ba, amma ta san uku in ta gan shi. Ga shi nan baƙi a kan fari, a asibiti, da hannun likita, inda ba a gogewa.

Ta buga tafin hannu a kan tebur har biro ya yi tsalle.

"Soke shi! Wallahi soke shi! Goma ne! Goma, kuma da kaina na haife su!"

Daga waje ana jin nas tana kiran wata lamba.

Uwar Goma ta ji kalmar tana yawo a ɗakin. "Da kanta" ta yi niyyar cewa, ba "da kaina" ba. Harafi biyu ne suka kuɓuce, kuma ba sa komawa.

Likita ta ja layi a kan ukun, ta rubuta goma, ta juya takardar ta nuna mata.

"Ya yi, Mama?"

"Ya yi," ta ce da ƙaramar murya.

"To, hau gadon can."

"Ba ni da kati."

"Kati ya jira. In na bar ki kika fita ƙofar nan, sai dai in ji labarinki."

Uwar Goma ta juya ga Auta. Ta so ta yi faɗa, faɗan ya ƙi zuwa. Idon yarinyar ya cika da ƙwalla, tana murza yatsunta.

"Tun yaushe?"

"Tun bara, Inna. Na je ɗebo ruwa a tanki na ga tsummokaran. Kuma kina daɗewa a banɗaki. Na rasa ta inda zan fara." Ta share ido da bayan hannu. "Ki yafe mini abin da na faɗa a kan matar."

"Fita ki ba ni wuri, 'yar banza," in ji Uwar Goma. Auta ta tashi, ƙafar da ta sage ta warke nan take.

Likita ta ja labule. Uwar Goma ta kwanta tana kallon silin, inda ruwan sama ya yi wani tabo da ta san sabulu ba zai fitar ba. An ce ta yi tari, ta yi. An ce ta yi nishi kamar na haihuwa, ta yi wanda ya sa likita cewa ya isa, ya isa.

"Ba ni labarin haihuwar," in ji likita tana cire safar hannu.

Ba a taɓa roƙonta wannan labarin ba, kullum ita ke bayarwa kyauta. Ta gyara zane ta fara, muryarta na dawowa. Na fari kwana ɗaya da wuni. Na uku da na huɗu ba su kai shekara ɗaya da rabi a tsakani ba. Babu ƙarami a cikinsu, duk ƙattai, ungozoma har cewa take yi wannan ai ya kusa yaye. Na bakwai kwana biyu, shi kaɗai aka kai ta asibiti, aka sa wasu ƙarafa kamar manyan cokula aka jawo kansa, amma dai ta hanya ya fito, a rubuta. Kuma ba ta taɓa wuce kwana uku ba ta koma bakin baho.

Duk wanda ta faɗa sai likita ta ce uhum ta rubuta. Uwar Goma ta ɗauka jinjina ce. Sai da ta kai ƙarshe ta lura fuskar ba ta mai jinjina ba ce.

"Mama, kin san igiyar shanya."

"Ni kuwa na san ta."

"In aka ɗora mata jiƙaƙƙen bargo sau ɗaya, tana ɗan saki. A ɗora sau goma, ba a bar ta ta huta ba, ya take yi?"

"Sai ta yi ciki. Zani ya dinga jan ƙasa."

"To, haka naki ya yi. Manyan yara, doguwar naƙuda, kusa da kusa. Ƙarafan nan na na bakwai sun ceci ransa, amma a duk hanyoyin haihuwa su suka fi wahalar da wurin. Sannan kika ɗora baho a kai shekara talatin."

Wato duk abin da take jerawa a tsakar gida ana riƙe baki, shi ne dai wannan yarinyar ta jera a takarda, sai dai ita da wani suna ta kira shi.

"Da an yi mini aiki, da ban samu ba?"

"Wataƙila. Ba zan rantse miki ba. Kuma shi ma aikin ba wasa ba ne, yana da nasa haɗarin, ba wanda zai yanka ki sau goma. Ba laifi kika yi ba, Mama. Ita ma 'yarki ba laifi ta yi ba. Kowace hanya da abin da take bari a jiki. Nata ana gani a fatar cikinta, naki ba a gani, shi ke nan."

"Yanzu yanka ni za ku yi?"

"Ba yau ba. Zobe zan sa miki."

Uwar Goma ta dubi hannunta, yatsun da ruwa da sabulu suka cinye. Likita ta yi dariya, ta jawo aljihun tebur ta ɗauko wani zoben roba mai laushi, faɗinsa kamar bakin kofi.

"Ba a nan ba. A ciki yake zama, ya tokare abin kada ya sauko. Za ki dinga zuwa muna dubawa muna wankewa. Zan koya miki yadda za ki dinga matse wurin kamar mai riƙe fitsari, safe da yamma. Baho kuwa kin gama ɗaga shi. Ki ɗebi ruwa kaɗan-kaɗan, ko ki sa a jawo miki tiyo. In kin bar wancan aikin, wataƙila ki tsira daga nawa. In kin ƙi, ni da ke ne a ɗakin tiyata."

Aka gwada ɗaya ya yi ƙanƙanta, aka sa na biyu. Likita ta ce ta tashi ta zaga ɗakin, ta tsuguna, ta yi tari. Ta yi. Ta ƙara yin tarin don kanta, ta tsaya tana jiran abin da ta saba ji. Shiru. Aka tura ta banɗakin da ke ciki, ta fito tana kallon likitar kamar ta yi mata sihiri.

"Shekara biyu," ta ce. "A kan wannan 'yar robar."

"Wasu goma suke yi. Je ki buɗe kati ki dawo mini da shi."

Auta na tsaye a bakin ƙofa. Suka nufi tagar kati, wadda ke fuskantar bencin masu jira. Mai katin tana bayan gilashi mai 'yar ɓula, ga fanka na ƙara a kanta. Ta tambayi suna da shekaru ta rubuta.

"Me ya kawo ki?"

Uwar Goma ta kai baki kusa da ɓular ta faɗa a hankali.

"Ban ji ba, Mama. Ɗaga murya."

Ta waiga. A benci na biyu, wa za ta gani in ba matar mai shagon layinsu ba, ta rako ƙanwarta awo. Matar da in ta ji magana da safe, kafin azahar ta kai ƙarshen layi ta dawo da ƙari. Ta riga ta miƙo wuya, tana murmushin gaisuwa.

"Inna," in ji Auta a kunnenta, "bari in karɓi takarda in rubuta mata."

Uwar Goma ta yi tunani. Matar nan ta gan ta ta fito daga ɗakin likita tana gyara zane, ta gan ta a tagar kati. In ba ta ji komai ba, ƙirƙira za ta yi, kuma ba ta iya ba da labari ba, ɓata shi take yi. Ita kuwa tunda take ba ta taɓa bari wani ya ba da labarin jikinta ba.

Ta ture hannun Auta, ta gyara tsayuwa.

"Mahaifata ce ta sauko!" ta faɗa da muryar da take kiran mai ruwa daga bakin titi. "An sa mini zobe. Kin ji yanzu, ko in ƙara?"

Mai kati ta sunkuya tana rubutu da sauri. Uwar Goma ta juyo ta fuskance su, ta ga duk idanu a kanta, ta ji wani abu da ta san daɗinsa ya dawo mata.

"Ku daina zare ido. Ba mutuwa ba ce, gyara ne. Igiya ce ta saki. Kuma ba kowa yake samu ba, sai macen da ta yi aiki da jikinta."

"Inna," in ji Auta ƙasa-ƙasa, "ba haka likita ta ce ba. Ko mai haihuwa ɗaya ma tana iya..."

"Ke aka duba ko ni?"

Ta karɓi katinta ta juya za ta koma. Matar mai shago ta taso ta tare ta a gefen bango. Murmushin ya tafi. Ta waiga hagu da dama, ta rage murya yadda Uwar Goma ba ta taɓa jin ta rage ba.

"Yaya, shi zoben... da zafi?"

Uwar Goma ta dube ta daga sama har ƙasa.

"Ke nawa kika haifa?"

"Huɗu."

"Huɗu," in ji Uwar Goma, ta taɓe baki. "To, je ki buɗe kati. Ki ce ni na turo ki."